Yadda Muke Fitar da Furanni Daga Takarda

Duk shekara idan walimar sauka ta matso, sai a shiga tunanin abin da za a ƙawata filin taro da shi. Furannin roba na kasuwa suna da tsada, kuma ba kowace makaranta ke da halin saye ba. Mu abin da muke nema kaɗan ne: takarda mai launi, almakashi, fensir, kwali da ƙaro. Abin da za ku riƙe shi ne, kyan furen takarda daga ninki yake fitowa. In ninki ya daidaita, ko ɗan ajin farko zai yanka fure mai kyau.

Da farko muna mayar da takardar murabba'i. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Sai mu jawo kusurwa ɗaya ta kwanta a kan dogon gefe, mu yanke rarar da ta saura. Murabba'in nan muke ninkawa kusurwa da kusurwa har sau 3, ya zama ninki 8. Tsinin da muke riƙewa shi ne cibiyar fure. Daga nan mu zana ganye ɗaya mai zagayayyen kai, mu bi zanen da almakashi. Da an buɗe, sai ga ganye 8 iri ɗaya, kamar an auna su. Ai an auna ɗin ne, domin da'ira daraja 360 ce, kowane ganye ya samu 45. Mai son ganye 6 sai ya ninka takardar biyu, sannan ya kasa ta uku daidai daga tsakiya.

A kula fa! Kada almakashi ya cinye gefen ninki har zuwa tsini. In ya cinye, ganyen za su zube ɗaya-ɗaya. A bar kamar faɗin yatsa a haɗe.

Sai jeri. Muna ja wa kwali layuka da fensir, a tsaye da a kwance, mu ɗora babban fure a tsakiya, ƙanana a kusurwoyi huɗu, koren ganye a tsakaninsu. Ba ma shafa ƙaro sai mun jera komai mun ja baya mun duba. Launi uku sun isa. In sun yi yawa ido ya rikice. Ƙaron nan da muke sa wa tawada shi muke jiƙawa ya yi kauri, kuma ɗigo ɗaya a cibiya ya wadatar, don ganyen su ɗan tashi.

Wanda ya lura da zayyanar allon mai sauka, ko adon bangon tsofaffin gidajen Birni a Damagaram, zai ga dabara ɗaya ce: siffa guda ake maimaitawa dama da hagu. Malamanmu sun karantar da mu barin zana masu rai, shi ya sa tsiro da layi suka ishe mu ado.

Gargaɗi na ƙarshe: kada a yanka takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, domin guntayen a ƙasa suke ƙarewa. A duba gaba da bayanta tukuna, in an gama kuma a share wuri. Allah Ya sa mu ga walimar bana lafiya, amin.