Limamin Azhar a Birnin Paris: Abin da Rifa'a al-Tahtawi Ya Gani Cikin Shekara Biyar

A shekarar 1826 Muhammadu Ali Pasha, mai mulkin Masar, ya zaɓi samari kimanin arba'in ya tura su Faransa su koyo aikin soja, likitanci, injiniyanci da sha'anin mulki. Da yake zaman zai yi tsawo, kuma a ƙasar da ba ta Musulmi ba, sai aka haɗa su da wani matashin malami a matsayin limami, ya riƙa ja musu salla yana tunatar da su addini. Sunansa Rifa'a Rafi' al-Tahtawi, an haife shi a 1801 a garin Tahta da ke kudancin Masar, ya kuma yi karatu a Azhar. Malaminsa Shehu Hasan al-Attar, wanda ya yi hulɗa da masanan Faransa lokacin da rundunar Napoleon ta mamaye Masar daga 1798 zuwa 1801, shi ya ba da sunansa, ya kuma hore shi da ya rubuta duk abin da idonsa ya gani.

Ba karatu aka tura shi ba, amma shi ya fi kowa cin moriyar tafiyar. Ya koyi Faransanci, ya zauna har 1831, ya dawo da littafin da aka buga a maɗaba'ar Bulaƙ a 1834 mai suna Takhlis al-Ibriz fi Talkhis Bariz. Abin da ya sa har yau ake karanta littafin shi ne yadda mutumin ya iya kallo. Bai ruɗe ba, bai kuma toshe ido ba. Duk abin da ya gani sai ya tambayi yadda ake yinsa, ya auna shi da abin da ya baro a gida, sannan ya faɗi wanda ya fi.

Darasin farko a kan tebur

Bayan kimanin wata guda a teku daga Iskandariyya, jirginsu ya isa Marseille. Ba a bar su sun shiga gari ba sai da aka killace su kwana 18, kamar yadda ake yi a lokacin wa duk wanda ya fito daga gabas don gudun annoba. A wannan gidan killacewa ya fara cin karo da rayuwar Turawa ta yau da kullum. Ma'aikata suka shigo da kujeru masu yawa, domin a wurinsu zama a ƙasa kan darduma baƙon abu ne. Aka jera tebura, aka ajiye wa kowa farantinsa, kofinsa, wuƙarsa da cokali mai yatsu. Ba mai sa hannu cikin abinci, ba mai shan ruwa da kofin wani. Abincin ma ba a kawo shi gaba ɗaya: romo ne farko, sai nama, sai kayan lambu, sai 'ya'yan itace, a rufe da gahawa ko shayi. Da dare kuma kowa ya hau gado mai ƙafa.

Tahtawi ya rubuta waɗannan dalla-dalla, har da dalilin da masu al'adar suka bayar, wato sun ce hakan ya fi tsafta da lafiya. Bai ce cin tuwo da hannu ƙauyanci ne ba, bai kuma ce cin abinci da cokali kafirci ne ba. Ya ɗauke shi a matsayin al'adar mutane, ya bayyana ta don wanda zai zo bayansa kada ya ji kunya a gaban jama'a.

Da suka fita gari ya shiga gidan shan gahawa, ya ga kamar wani dogon zaure ne marar iyaka cike da mutane. Sai da ya hango kansa da abokansa a jikin bango ya gane madubai ne suka kewaye ɗakin. Ya lura mace ce ke zaune a kan teburin kuɗi da alƙalami da tawada tana lissafi, kuma ana miƙa wa mai shan gahawa jaridar ranar ya karanta. A Marseille ɗin ya haɗu da Misirawa da mutanen Sham waɗanda suka bi sojan Faransa lokacin da suka janye daga Masar. Sun koma shigar Turawa, wasu ma sun bar addininsu, abin da ya sosa masa rai ƙwarai.

Titi, gida da kasuwa

Da suka ƙarasa Paris, yanayin garin bai yi masa daɗi ba. A yini guda sai a yi rana, a yi ruwa, a yi sanyi, mutane ba sa rabuwa da laima. Lokacin hunturu kowane ɗaki da murhunsa a jikin bango, kuma kusa da wutar nan ake zaunar da baƙon da ake girmamawa. Ruwan kogin Seine a ganinsa bai kama ƙafar na Nilu ba, 'ya'yan itatuwansu kuma ba su da zaƙin na Masar. Nama ya zame masa matsala saboda yadda suke kashe dabba, har ya riƙa aika mai yi masa hidima mahauta ya yanka da hannunsa.

Amma inda ya ga dabara, ya tsaya ya yi bayani. Da zafi ya ga ana yayyafa wa tituna ruwa da wata ƙatuwar ganga a kan keken doki, an huda bututu a bayanta, doki na tafiya ruwa na fesowa. Filin da masu salka za su daɗe suna fama da shi a Alƙahira, wannan keken kan gama shi cikin ɗan lokaci. Ya ce Alƙahira ce ta fi buƙatar wannan, tunda ta fi zafi da ƙura. Haka ya yi maganar magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, da itatuwan da aka jera a bakin hanya, da lambar da ke jikin kowane gida wadda ke sa wasiƙa ta iske mai ita ba tare da an buɗe ta ba, da gidajen abinci inda ake ba mutum takarda mai ɗauke da sunan kowane abinci da kuɗinsa.

Gidajen mutane sun burge shi da tsafta. Benaye ne masu hawa da yawa, iyalai daban-daban a gini guda, da mai gadi a ƙofa. A gidan wanka ya raba hukunci biyu: na Paris ya fi sutura, domin kowa da ɗakinsa da bahonsa, ba mai ganin tsiraicin wani, amma na Masar ya fi ɗumi da amfani ga jiki.

Halin mutanen

Ya yaba wa mutanen Paris da son aiki, cika alkawari da son sanin tushen kowane abu. Ya ce har talakansu na karatu da rubutu, kuma sukan sa baki cikin manyan al'amura gwargwadon fahimtarsu. Ya kuma zarge su da rowa. Karamcin da Balarabe ya sani, na buɗe ƙofa ga baƙo da kyauta hannu da hannu, bai same shi a can ba. Sai dai bai tsaya nan ba, ya bincika inda taimakon nasu ke bi, ya tarar da asibitoci, gidajen marayu da jariran da aka yar, makarantun makafi da kurame, da gidan tsofaffin sojoji da suka naƙasa. Wato abin da mutum ɗaya ke yi a gida don neman lada, su sun mai da shi aikin hukuma da ƙungiyoyi. Ya yi bayanin bankuna da kamfanonin inshora, ya yaba ƙwarewarsu a neman kuɗi, sannan ya ce kuɗin ruwa ya gurɓata yawancin wannan dukiya.

Maganar mata ta ɗauki wuri babba a littafin. Ya ga mata na tafiya su kaɗai, suna ciniki a kantuna, suna zama cikin maza a taro, wasu ma suna rubuta littattafai. Ya soki ƙarancin kishin mazan, yana ganin sun zama bayin matansu. Duk da haka ya kai ga wani hukunci da ba kowane malamin zamaninsa zai furta ba: kamun kai na mace ya fi rataya ga tarbiyyar da ta samu fiye da lulluɓi ko rashinsa. Rawa ma ya ce a can ana ɗaukarta fasaha ce da motsa jiki da maza da mata ke koya, ba irin wadda ya sani a gida ba. Gidan wasan kwaikwayo kuwa ya gan shi a matsayin makaranta, inda ake koyar da gaskiya cikin raha.

A fannin addini bai sassauta ba. Ya ce yawancin mutanen Paris Kiristoci ne a suna kawai, hankali suka ɗora a kan komai, suna musun mu'ujiza, kuma ya gargaɗi mai karatu cewa littattafan falsafarsu na da abubuwan da suka saɓa wa wahayi, kada wanda bai ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna ba ya kutsa cikinsu.

Ilimi da mulki

Abu biyu suka fi tsaya masa a rai. Na farko, waɗanda ake girmamawa da ilimi a Faransa ba limaman coci ba ne, masana lissafi ne, da likitanci, da taurari, da tarihi, kowa ya ƙware a fanni guda yana ƙoƙarin ƙara wani abu sabo a kai. Na biyu, sauƙin littattafansu. Ɗalibin Azhar kan shafe shekaru yana warware matani da sharhi da hashiya kafin ya kai ga ma'ana, amma Bafaranshe da ya buɗe littafin lissafi, lissafin zai shiga kai tsaye, ba sai ya yi kokawa da lafazi ba. Tahtawi ya ga cewa wannan na cikin dalilan da suka sa ilimi ya yaɗu a cikinsu.

Shi kansa bai yi wasa ba. A ƙarƙashin kulawar Edme-François Jomard, wanda ke shugabantar shirin karatun, an rarraba ɗaliban gidajen kwana daban-daban don bakinsu ya faɗa da Faransanci, ana kuma aika wa Muhammadu Ali rahoton kowa a kai a kai. Tahtawi ya karanta Montesquieu, Rousseau da Voltaire, ya riƙa karatun dare har idonsa ya samu rauni, likita ya hana shi, ya ƙi bari.

Ya fassara tsarin mulkin Faransa na 1814 zuwa Larabci ya sa a littafinsa. Sashen da ya ce duk 'yan ƙasa daidai suke a gaban doka, babba da yaro, shi ya fi yabawa. Ya nuna wa mai karatu cewa waɗannan mutane ba daga Littafi suka ɗauko dokokinsu ba, amma hankali ya kai su ga gane cewa adalci ne ke raya ƙasa. Sai ga shi ya ga gwajin abin da idonsa. A Yulin 1830 Sarki Charles na 10 ya fitar da dokokin da suka ɗaure bakin jaridu suka rushe majalisa. Mutanen Paris suka fito, aka yi kwana uku ana faɗa a tituna, daga 27 zuwa 29 ga wata, sarki ya sauka, aka naɗa Louis-Philippe. Malamin da ya fito daga ƙasar da mai mulki ke yin yadda ya ga dama ya rubuta labarin nan filla-filla, ba tare da ya fito fili ya ce da wa yake ba. A farkon wannan watan ne kuma sojan Faransa suka kama birnin Aljiyas, ya kuma lura da yadda babban limamin cocin Paris ya taya sarki murna kamar nasarar addini ce, alhali rikicin na siyasa ne da kuɗi.

Inda idon baƙo ke gajarta

Shekara biyar ba ta mai da baƙo ɗan gari. Tahtawi ya zauna cikin malamai da masu hali, kuma a babban birni. Bai san ƙauyukan Faransa ba, inda coci ke da ƙarfi a lokacin kuma jahilci ya yi yawa, bai kuma shiga unguwannin leburorin Paris sosai ba, inda cunkoso da ƙazanta suka taimaka wa kwalara ta kashe dubban mutane a 1832, shekara guda bayan tafiyarsa. Silvestre de Sacy, masanin Larabci da ya duba rubutun kafin a buga, ya yaba masa, amma ya nuna cewa wani lokaci yakan yanke wa Faransawa duka hukunci da abin da ya gani wurin mutanen birni. Wannan tarko ne da ke kama kusan duk wanda ya zauna a wata ƙasa: unguwar da ya sauka ita ce ƙasar a wurinsa. Mai sauraron labarin matafiyi ya kamata ya tambaya a ina ya zauna, da su wa ya yi hulɗa, da wane harshe ya yi magana da su.

Abin da ya yi da abin da ya gani

Da ya koma gida bai tsaya ba da labari a zaure ba. A 1835 ya kafa Makarantar Harsuna a Alƙahira, inda shi da almajiransa suka fassara littattafai masu yawa na tarihi, labarin ƙasa, doka da kimiyya. Muhammadu Ali ya sa aka fassara littafin tafiyarsa zuwa Turkanci don ma'aikatan gwamnati su karanta. Zamanin da Abbas na 1 ke mulkin Masar iska ta juya, aka tura shi Khartum daga 1850 zuwa 1854 da sunan shugabantar makaranta, a can ma ya ci gaba da fassara. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafin tarbiyya na 'yan mata da samari inda ya kare karatun 'ya mace, ya rasu a 1873, shekarar da aka buɗe makarantar gwamnati ta farko ta 'yan mata a Masar.

Yau masu zuwa ƙasashen waje karatu ko neman abinci sun fi na zamaninsa yawa nesa ba kusa ba, kuma yawanci da ɗayan labari biyu suke dawowa: ko can aljannar duniya ce, ko can ba komai sai lalacewa. Duka biyun ba sa buƙatar wahala, ba sa kuma amfanar wanda aka ba labarin. Hanyar Tahtawi ta fi wuya. Sai ka koyi harshen mutanen, ka bambance abin da yake al'ada kawai da abin da ya taɓa aƙida, ka bi diddigin yadda ake tafiyar da asibiti ko gidan waya ko kotu maimakon tsayawa kallon ginin, ka yarda cewa ɓangare ka gani ba duka ba. Wanda ya yi haka, in ya dawo, yana da abin da zai iya ginawa a garinsu.