Tsofaffin Finafinan Amurka Kafin A Sa Musu Rariya

 A filinmu na yau za mu taɓa zancen kallo, watau wasu tsofaffin finafinan Amurka da aka yi tsakanin 1929 da 1934, kafin a tsananta dokar tace fim a can. Wata za ta ce ina ruwan matar Ikara ko ta Makarfi ko ta Kudan da fim ɗin da ya girmi kakarta? To, da ruwanta, domin yanzu kallo ya shigo har ɗaka ta wayar hannu, kuma macen da ba ta iya auna fim ba sai ta haɗiye duk abin da aka miƙo mata, ita da 'ya'yanta.

Yadda kallo ya zo mana

Mutanen ƙauyukan ƙasar Zazzau ta majigi suka fara sanin fim. Motar gwamnati ce takan zo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi da dare, a nuna sha'anin tsabta da rigakafi da noma, irin su Baban Larai. Silima ta kuɗi kuwa sai birni. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, abin da ya ƙara wa jama'a ƙyamar wurin. Dama can ana ganin macen kirki ba ta zuwa silima.

Ku lura da shekarar nan ta 1937. Lokacin da silima ta iso Kano, an riga an shekara uku ana tace finafinai a Holiwud, watau unguwar masu yin fim a birnin Los Anjalis na Amurka. Ga kuma hukumar tacewa ta Turawan mulki a nan Nijeriya. Saboda haka galibin abin da mazajen wancan zamani suka gani, na kaboyi da sauransu, ya bi ta rariya biyu kafin ya iso gare su. Finafinan da muke magana a kai yau su ne na kafin rariyar farko.

Abin da ya faru a can

A 1927 aka fara fitar da fim mai magana. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, talauci ya rufe Amurka, har ya zama a 1933 cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki. Kamfanonin fim suka ga 'yan kallo na raguwa, sai suka shiga nuna abin da zai jawo mutane: 'yan fashi, da shan giya, da mutuwar aure, da matan da yunwa ta kora titi.

Akwai doka a rubuce tun 1930, wadda ake kira da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin fim, amma ba a cika binta ba. Da shugabannin cocin Katolika suka yi barazanar hana mabiyansu shiga silima, sai kamfanoni suka tsorata. Daga watan Yuli na 1934 aka ɗora wani mai suna Joseph Breen a kan aikin, aka ce duk fim sai ya sami takardar shaida, wanda ya fitar ba tare da ita ba tarar dala 25,000. Dokar ta hana tsiraici da batsa da yi wa malaman addini ba'a, ta ce kada a bar mai laifi ya ci riba. Har ila yau ta hana nuna soyayya tsakanin baƙi da farare. Ba a yi watsi da ita ba sai a 1968.

Finafinai uku

Na farko shi ne Night Nurse na 1931, watau nas mai aikin dare. Barbara Stanwyck ta fito a matsayin yarinya talaka da ta koyi aikin jinya, aka tura ta wani gidan masu kuɗi ta kula da yara mata biyu marasa lafiya. Uwarsu kullum a buge take. Sannu a hankali nas ɗin ta gane da gangan ake horar da yaran da yunwa, da sanin likita da direban gidan, don su mutu a cinye dukiyar da aka ajiye musu. Ta san in ta yi magana za ta iya rasa aikinta, amma ta yi. Duk yarinyar da ke sha'awar aikin asibiti za ta ƙaru da ganin yadda amana ke da nauyi.

Na biyu The Divorcee na 1930, watau bazawara. Miji ya ci amanar matarsa, ya ce mata abin ba komai ba ne. Cikin fushi ita ma ta rama, shi kuwa ya kasa yafewa, aure ya mutu. Ramuwar tata ba abin koyi ba ce, kuma fim ɗin kansa ya nuna ba ta jawo mata komai ba sai baƙin ciki. Amma ya yi tambayar da mata ke yi a ko'ina: don me laifi ɗaya zai zama ƙarami a wurin namiji, babba a wurin mace? Norma Shearer ta sami lambar Oska saboda wannan fim.

Na uku Baby Face na 1933. Wannan ya fi nauyi, na manya ne kawai. Labarin yarinya ce da ubanta mai gidan giya ya riƙa tura ta wajen maza tun tana shekara 14. Da ya mutu ta tafi Niyok ta shiga aikin banki, tana yaudarar manyan wurin ɗaya bayan ɗaya don ta hau sama. Masu tacewa na jihar Niyok suka ƙi shi sai da aka yanke wasu wurare aka sake ƙarshensa. Sai a 2004 aka gano cikakkensa a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Mai kallo da hankali za ta ga inda ɓarnar ta faro, watau daga gida.

Gari da tsaki

Kowace mace ta san aikin rariya. In ramukanta sun yi faɗi tsaki ya bi gari, in sun cika ƙanƙanta garin ma ya ƙi wucewa. Haka ya faru a Holiwud. Tacewar ta kawar da rashin kunya mai yawa wanda dama neman kuɗi ne ya kawo shi, wannan kuwa ba wanda zai yi kukansa. Amma tare da shi an rage faɗin gaskiya a kan wahalar mata: mijin da ke sha, uban da ya sayar da mutuncin 'yarsa, maigidan aiki mai neman ma'aikaciyarsa. Abubuwan ba su daina faruwa ba don an rage nuna su.

Mu ma mun san wannan muhawara. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano an kafa ta a 2001, kuma tun kafin nan ake ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan marubuta mata irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta rubuta labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce: an nuna mugun abu don a ƙawata shi ne, ko don a gane illarsa?

Kada kuma a ɗauka finafinan nan ba su da nasu aibin. Baƙar mace a cikinsu kusan kullum baranya ce ko kuku. 'Yar wasa Theresa Harris ta fito ƙawar tauraruwar Baby Face, amma ita ma daga baya kayan 'yar aiki aka sa mata. Waɗanda suka shafi Afirka kuwa, irin su Tarzan, sun mai da mu mutanen daji masu ɗaukar kaya. Ya kamata a nuna wa yara wannan ƙarya tun da wuri.

Shawara

Uwargida, ki fara kallon fim ke kaɗai ko tare da maigida kafin ki bar 'yarki ta gani. Ko Night Nurse ɗin ma akwai wuraren da 'yan wasa ke canza tufafi, ba na ƙananan yara ba ne. Finafinan baƙi da fari ne, yawancinsu ba su wuce awa ɗaya da kwata ko da rabi ba, don haka ba za su cinye miki yini ba. In kun gama kallo da budurwar 'yarki, ki tambaye ta wa ya cuci wa, me ya kai yarinyar ga halin da ta shiga, wace hanya ce ta bari ba ta bi ba. Sau da yawa abin da 'ya ke jin nauyin faɗa wa uwa a kan kanta, takan faɗe shi a kan 'yar fim.

Ku kuma 'yan makaranta, ku kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan hoto, Turancinku zai ƙaru. Amma sai bayan an gama aikin gida da na makaranta, kuma kada ku ɓoye wa iyaye abin da kuke kallo.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.