Jiƙa irin waken suya kafin a shuka shi a ƙasa mai gishiri

A gundumomin Lakshmipur da Noakhali da ke gaɓar teku a Bangladash, manoma kan shuka waken suya da rani, bayan girbin shinkafa. Lokacin ne kuma gishiri ke hawowa saman ƙasa, domin rana ta ƙafar da ruwa ta bar shi. Sai ka ga gona ta fito tsalli-tsalli.

Gishiri yakan riƙe ruwa a ƙasa, ƙwayar iri ta kasa zuƙa ko da gonar da laima. Gishirin da ya samu shiga cikinta kuma ya dagula aikin tsiro. Shi kuwa waken suya sai ya sha ruwa kusan rabin nauyinsa kafin ya tsira, alhali masara kashi 30 cikin 100 ya ishe ta. Kowace rana da ya ƙara a binne, ruɓewa na matsowa.

Dabarar jiƙa iri ita ce a ba irin ruwa mai daɗi tun a gida, ya farka ya soma sarrafa abincin da ke ajiye cikinsa, a dakatar da shi kafin saiwa ta leƙo, a shanya a inuwa, sannan a shuka. Masani Heydecker da abokan aikinsa a Ingila ne suka fito da ita fili a 1973. Daga baya David Harris na Jami'ar Bangor ya kai sauƙaƙƙen salonta ga ƙananan manoman Indiya a shekarun 1990: ruwa zalla, kwana guda. Masu bincike kan zuba ɗan sinadarin kalsiyam ko fotasiyam a ruwan, don suna rage shigar gishiri cikin tsiro.

Sai dai waken suya ba dawa ba ne. Fatarsa siririya ce. In aka tsunduma busasshen iri a bokiti ya kwana, ruwa kan afka masa da ƙarfi, fatar ta saɓule, ƙwayar ta dare biyu. A ganina duk malamin gona da ya ce "a jiƙa" bai faɗi tsawon lokaci ba, ya yi rabin aiki. Abin da ya fi aminci shi ne a shimfiɗa irin tsakanin buhuna masu danshi na 'yan sa'o'i, ya sha a hankali, kuma a fara gwadawa da tafi guda. Garin ƙwayoyin cuta masu amfani da ake shafa wa iri, irin su Nodumax na cibiyar IITA, sai bayan an shanya ake sa shi.

Jiƙa iri yana taimakon fitowa ne kawai, ba ya cire gishiri daga gona. Mai noman rani da ya soma ganin farin ɓawon kanwa a kan kunya, sai ya gyara magudanar ruwa tukuna, ya yi ban ruwa mai yawa da zai wanke gishirin ya gangara ƙasan saiwa.