Kulle Ƙofa Bai Isa Ya Tsare Matashi Mai Otizim Ba

Duk wanda ya shiga Balad ta Jidda bayan sallar asham ya san yadda lungunanta ke cika maƙil. Daga Bab Makka zuwa Kasuwar Alawi kafaɗa na gugar kafaɗa, 'yan kasuwa na ɗaga murya, fitilu na kashe ido. Tun da UNESCO ta sanya unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, baƙi sai ƙaruwa suke yi. Ga matashi mai lalurar otizim, wanda hayaniya ke birkita shi, ɗan lokaci kaɗan ya isa ya fizge hannunsa ya ɓace.

Wani bincike da mujallar Pediatrics ta Amurka ta buga a 2012 ya gano cewa kusan rabin yara masu wannan lalura sun taɓa yunƙurin sulalewa daga hannun masu kula da su. Nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke hallaka waɗanda suka ɓace, ga kuma Tafkin Arba'in a gefen Balad. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin Sabil, Ghulail da Karantina a 2021 da 2022 ya ƙara dagula lamarin. Iyalai da yawa, har da Hausawa, sun koma sababbin unguwanni, yaron da ya haddace hanyar gidansu lungu-lungu ya wayi gari bai san ko'ina ba.

Abin da yawancin iyaye ke yi shi ne su garƙame ƙofa. Ba na ganin laifinsu, tsoro ne. Amma ɗan shekara 15 ya iya zare sakata, kuma a titi ba wanda zai ɗauke shi yaro. Idan ɗan sanda ya tsayar da shi ya nemi iƙama, wato katin izinin zama, shi kuwa ya kau da kai ko ya ruga, wa zai ce lalura ce? Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Hanyar da masana tarbiyya suka gwada ba ta da tsada. A faɗa masa abin da zai yi cikin gajeriyar magana, a yi a gabansa ya gani, ya kwaikwaya, a gyara masa nan take, a yaba masa. Sai dai abin da ya iya a tsakar gida ba lalle ya yi shi a kasuwa ba, domin masu otizim kan ɗaure darasi da wurin da suka koye shi. Dole a fita da shi titin. A je da safe kafin cunkoso, uwa ta ɗan laɓe, wansa na kallo daga nesa, a ga ko zai tsaya inda yake ya miƙa wa mai shago katin aljihunsa. Katin ya ƙunshi sunansa, lambar wayar gida da kalmar tawahhud, wato otizim da Larabci, tunda ita jami'an Saudiyya suka sani. Wanda ke iya magana a koya masa kiran lambar gaggawa ta 911. A maimaita har ya zame masa jiki.

Akwai darasin da kunya ke hana mu bayarwa: wace gaɓa ce ba a taɓawa, wa ke da izinin taimaka masa a banɗaki, yadda yarinya za ta ce a'a da ƙarfi ko da ga wanda ta sani ne. Balaga ba ta jiran sai magana ta zauna a baki.

Cibiyar Otizim ta Jidda, wadda ƙungiyar mata ta Faisaliyya ta kafa a 1993, ta daɗe tana koyar da irin waɗannan yara da Larabci. Uwar da Hausa ce harshen gidanta tana buƙatar wanda zai zauna da ita ya nuna mata matakan da harshenta, kuma limamai da shugabannin Hausawan Jidda su ne suka fi kusa da fara haɗa irin wannan zama.