Gusau, Tsafe da Bunguɗu: Wa Ya Riga Wani Zama?

Yau zancen asali za mu yi, irin wanda kan tashi a gidan biki bayan an ci an sha, a fara shi da dariya, wani lokaci kuwa a tashi ana harare-harare.

Duk wadda ta saba shiga taron mata a ƙasar Zamfara ta san yadda abin yake. Ta Tsafe ta dubi ta Gusau ta ce, "Ku ai jiya-jiya kuka zo, jirgin ƙasa ne ya yi ku." Ta Gusau ta ce, "To, ina kuke zuwa in za ku ga Gwamna?" Ta Bunguɗu kuma ta gyara mayafi ta ce su dai 'ya'yan Fulani ne, ba su shiga gardamar kasuwa. Wannan duk wasa ne, kuma wasan taubasai tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kamar na Kanawa da Zage-zagi, ko na Fulani da Barebari, ko na Gobirawa da Yarabawa. Amma yara suna gefe suna saurare, kuma yaro bai san inda wasa ya tsaya ba. Saboda haka ya kamata uwargida ta san ainihin labarin, don in ɗanta ya tambaye ta ta ba shi amsa mai tushe.

Mu fara da abin da kuke ji kullum a rediyo. Ba a cewa Sarkin Gusau kurum, sai a ce Sarkin Katsinan Gusau. Ko kun taɓa tambayar kanku me ya kawo Katsina cikin sarautar babban birnin Jihar Zamfara? Dalili shi ne, kafin jihadi wannan yanki duka, watau wajen Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi, yana cikin ƙasar Katsina ne, shi ake kira Katsinar Laka. Babban garin yankin a lokacin kuwa shi ne 'Yandoto, wanda ke nan kusa da Tsafe a kan hanyar Gusau.

'Yandoto ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Gari ne na malamai, almajirai suna zuwa daga nesa neman karatu, fatake kuma suna yada zango. Har ma tarihin baka na Katsinawa ya ce Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, daga 'Yandoto ya fito. An ce ɗan kokawa ne, ya kara da Sarki Sanau ya ka da shi, ya kashe shi ya hau gadon sarauta. Labarin ya ƙara da cewa wai matar Sanau ce ta sace masa laya ta ba Korau. Kun dai san masu ba da labari, in sarauta ta faɗi ba su rasa macen da za su rataya wa laifi.

Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, sai kan malaman 'Yandoto ya rabu. Waɗansu suka bi Shehu, waɗansu suka ƙi, suka ce ba su yarda da hujjarsa ba. A 1806 Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya zo da runduna aka ci garin, mutanensa suka watse. Cikin waɗanda suka bi Shehu akwai Malam Muhammadu Sambo Ɗan Ashafa, Bafulatani, wanda shi ma a 'Yandoto ya zauna. Shi ne ya kafa Gusau wajen 1811, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin. Masu ba da tarihin garin sun ce daga kalmar "gusa" aka sami sunan, domin jama'ar Malam Sambo sun yi ta gusawa daga wannan wuri zuwa wancan kafin su sami inda suka kafa gari a bakin gulbi.

To, ita kuma Tsafe fa? Saurari yadda ake kiran sarkinta: 'Yandoton Tsafe. Watau sunan tsohon garin ne ya koma sunan sarauta, Tsafe ta ɗauke shi ta riƙe. Kun ga ke nan Gusau ta ɗauki sunan Katsina, Tsafe ta ɗauki sunan 'Yandoto, alhali 'Yandoto da Katsina a lokacin abu guda ne. Gida ɗaya ne ya tsage biyu a kan gardamar malamai, kowane ɓangare ya fita da abin da hannunsa ya kai. In ta Tsafe ta ce wa ta Gusau baƙuwa, sai a tambaye ta, baƙuwa daga ina? Daga bayan ɗakinku.

Bunguɗu, wadda ke kan hanyar Sakkwato, ita ba ta ɓoye nata asali ba, sarkinta Sarkin Fulanin Bunguɗu ne. Amma ki shiga kasuwar garin ki kasa kunne. Hausa za ki ji, irin ta Zamfara, ana "tahi" ana "lahiya lau", kuma hocen da ake ci can shi ake ci a Tsafe.

Wani abin da zai ba ku mamaki, 'yan makaranta, shi ne duk cikin garuruwan nan uku babu inda Sarkin Zamfara yake. Yana Anka. Tsohuwar daular Zamfara ta yi zamaninta tun kafin a san za a yi Gusau, har ana ba da labarin wata sarauniya tata mai suna 'Yargoje wadda ta zauna a Kuyambana. Shi kansa sunan Zamfara, wata ruwaya ta ce daga "mazan Fara" ya samo asali, wai Fara wata 'yar sarki ce da ta ɓata a daji, maharba suka tsince ta, ɗayansu ya aure ta. A cikin shekarun 1760 Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara, suka mai da Alƙalawa babban birninsu, su ma masu jihadi suka ci Alƙalawa a 1808. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya tabbata a Anka. Gusau kuwa ciniki ne ya ɗaga ta, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso a ƙarshen shekarun 1920, aka shiga awon gyaɗa da auduga, Yarabawa da Ibo da Kwarori suka zo suka buɗe kantuna. Da aka yanke jiha daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, sai aka ɗauki sunan tsohuwar daula aka sa wa jihar, aka kuma ba garin Katsinawan Laka, mai sarakuna Fulani, hedkwata. Wace ce a cikinmu za ta iya tsefe wannan kitso ta ware gashin kowa dabam?

Labarin sunan gari abu ne mai daɗin ji, ni ma ina son sa. Amma ki lura, yawancinsu an fara ba da su ne bayan garin ya daɗe da kafuwa, kuma kowane gida yana da yadda yake juya nasa. Turawa ma da suka zo sun ƙara nasu, suka rubuta Tsafe "Chafe", Kwatarkwashi kuma "Kotorkoshi", har yanzu za ki gan su haka a tsofaffin takardu. Irin wannan labari ya isa hira da yara da dare. Inda yake zama haɗari shi ne ranar da aka ɗauke shi kamar takardar shaidar gona, aka ce tun da sunan da harshenmu aka raɗa shi, to ƙasar tamu ce, ku ku tashi.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A ƙasar Habasha, can gabashin Afirka, akwai manyan ƙabilu biyu maƙwabtan juna, Oromo da Somaliyawa. Harsunansu 'yan ɗaki ɗaya ne, har masana sun ce suna da dangantaka ta nesa da Hausa. Dukansu suna kiwo, suna auren juna a bakin iyaka, da yawansu kuma alƙibla ɗaya suke fuskanta. Akwai wani birni a tsakaninsu, Dire Dawa, wanda shi ma hanyar jirgin ƙasa ce ta kafa shi a 1902. Oromo suka ce sunan nasu ne, ma'anarsa filin magani. Somaliyawa suka ce a'a, nasu ne, ma'anarsa wurin da kakansu Dir ya soka mashinsa. Da gardama ta ƙi ƙarewa, gwamnatin tarayyar ƙasar ta riƙe birnin a hannunta, ba ta ba kowa ba. A 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan ƙananan gundumomi fiye da 400 na bakin iyaka, mafi yawa suka faɗa ɓangaren Oromo, amma maganar ba ta mutu ba. A 2017 faɗa ya ɓarke, mutane dubu ɗaruruwa suka bar gidajensu. Akwai matan da mijin Oromo ne, uban kuma Basomale. Ina irin waɗannan za su gudu?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a Zamfara. Tun wajen 2011 da satar shanu da ramuwar gayya suka tsananta, aka shiga cewa Hausawa sun yi kaza, Fulani sun yi kaza, kamar ba jiya muke cin kasuwa ɗaya ba. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Tsafe da Bunguɗu sun ga tashin hankali, mata da yara sun cika Gusau suna neman mafaka, kuma babu uwar da ta manta da 'yan matan makarantar Jangebe 279 da aka sace a watan Fabrairu na 2021. Wanda ya yi wannan ɗan ta'adda ne, hukuma ta kama shi ta hukunta shi. Amma matar da ke kawo miki nono, wadda ita ma wataƙila an kore shanun mijinta, ba ita ta yi ba. Akwai gidajen da yanzu in yarinya ta kawo manemi, kafin a tambayi halinsa ko sana'arsa sai a tambayi ƙabilarsa, alhali kakar yarinyar ma in an bincika daga ruga aka auro ta.

Ki duba bakinki ma, uwargida. Ɗan'uwan mahaifiyarki kina ce masa kawu, 'yar'uwar mahaifinki goggo, ƙanen mahaifinki baffa. Waɗannan duk daga Fillanci Hausa ta aro su, haka ma kindirmo da burtali. Aron sunan dangi irin wannan alama ce ta cuɗanya ta kusa. Furar da kike damawa da rana kuwa, geron manomi ne da nonon makiyayi a ƙwarya ɗaya.

Saboda haka in wasa ya tashi a gidan biki, a yi shi, ba wanda ya hana. Ta Tsafe ta yi wa ta Gusau gorin jirgin ƙasa, ta Gusau ta rama. Sai dai in kin ji an fara "su wane ba 'yan ƙasa ba ne", ko yaronki ya dawo daga makaranta da wani mummunan suna da ake kiran wata ƙabila da shi, to ki zaunar da shi ki ba shi labarin 'Yandoto, ki kuma faɗa masa sunayen kakanninsa na ɗaki biyu, kada ki tsallake ko ɗaya.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikin hutu. Kowace ta sami kakarta, ko wata tsohuwa a unguwa, ta gaishe ta da ladabi, ta tambaye ta abu uku: a wane gari aka haifi mahaifiyarta, wane zane ne a fuskar mahaifinta, kuma me ta ji manya suna cewa game da sunan garinku. Ku rubuta yadda ta faɗa, da irin Hausarta, kada ku gyara mata. In kun sami ruwaya biyu da suka saɓa wa juna ku rubuta dukansu. Wadda ta ga dama ta aiko mana da nata, musamman 'yan Bunguɗu da Kwatarkwashi da Wonaka, za mu buga a wannan fili in Allah ya yarda.