Ƙasa Mai Cike da Ruwa: Dalilin da Ya Sa Take Rasa Taurinta

In kana zaune a Zabori ko wani gari na kwarin Dallol Mawuri, ka san ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ni'ima ce ga masu rake da masu lambu. Amma akwai abin da ya kamata ka sani game da ƙasar da ta ƙoshi da ruwa. Tana iya ɗaukar nauyi sau ɗaya ba ta motsa ba. In nauyin ya yi ta maimaituwa, sai ta yi laushi, wani lokaci har ta koma kamar kunu.

Ƙasa ƙwayoyi ce da ke jingine da juna, kuma a tsakaninsu akwai ƴan kafofi. A cikin yashi maras dankara, kafofin nan sukan kai wajen kashi 40 cikin 100. Da rani iska ce a cikinsu, da damina ruwa ya cika su. Taurin ƙasa daga cuɗanyar ƙwayoyin nan yake zuwa, domin su ne ke ɗaukar nauyin gida ko mota. Shi ruwa ba ya riƙe komai.

To, duk lokacin da aka taka ƙasar ko aka girgiza ta, ƙwayoyin sukan so su matsu wuri ɗaya. Ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai dai ya nemi hanyar fita. In ya samu lokaci ya fita, ƙasar ta ƙara ƙarfi. In kuma nauyi na biyu ya zo kafin ya fita, na uku ya biyo baya, matsin ruwan sai ya yi ta hauhawa. Kowane bugu yana ƙara kaɗan a kan na baya. A hankali nauyin ya bar kan ƙwayoyi ya koma kan ruwa, ƙwayoyin su saki juna. Nan ne tauri ke gushewa.

Ka gwada da kanka, gani ya kori ji. Cika kwano da yashi mai laushi, kada ka danna shi. Zuba ruwa har ya zo daidai da saman yashin, ka ɗora ɗan dutse. Zai zauna daram. Sai ka riƙa bugun gefen kwanon da sauri. Za ka ga ruwa ya taso, dutsen ya nutse.

A ƙasashe masu girgizar ƙasa abin yakan yi muni ƙwarai. Ranar 16 ga Yuni 1964, a birnin Niigata na ƙasar Japan, manyan benaye sun karkace, wasu sun kwanta a gefe ba tare da sun farfashe ba, saboda yashin da ke ƙarƙashinsu ya narke. A shekarar 2018 irin wannan ya cinye unguwanni a birnin Palu na Indunusiya. Mu a Nijar girgizar ƙasa ba ita ce damuwarmu ba. Tamu girgizar ƙarama ce, amma ta kullum ce: tayar babbar mota, kofaton shanu, injin ban ruwa, da igiyar kogin Isa mai dukan gaɓa a Gaya.

Dubi hanyar Doso zuwa Gaya, wadda manyan motocin kaya daga Kwatano suka yi shekaru suna bi kafin rufe iyaka a 2023. In ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta ta wata tsaga, kowace taya da ta wuce tana matsa shi, laka ta riƙa bulbulowa sama, ƙarƙashin ya zama rami. Hanyar jar ƙasa ta fi saurin lalacewa. Shi ya sa ake sa shinge a tsayar da manyan motoci bayan an yi ruwa. Direbobi sukan yi gunaguni, amma a ganina jiran ƴan sa'o'i ya fi a rasa hanyar duk damina.

Ba duk ƙasa ce ɗaya ba. Yashi mai laushi wanda ba a danne ba shi ya fi hatsari, yana rushewa farat ɗaya. Laka ba ta narkewa haka, sai dai ta yi ta laushi sannu a hankali, kuma ruwa yakan daɗe bai fita daga cikinta ba. Tsakuwa ta fi su duka, domin ruwa yana ratsa ta nan da nan.

Saboda haka, in za ku ɗaga madatsar gonar shinkafa ko daɓen gida, ku zuba ƙasa kaɗan kaɗan, ku danna kowane shimfiɗi kafin ku ƙara wani. Ƙasar ta zama mai danshi kawai: in ka dunƙula ta a hannu ta haɗe, amma ruwa bai ɗigo ba. Ku yi wa ruwa magudana a gefen hanya da gindin gini. Kada a kora garken shanu ta kan madatsar da ta jiƙe. Injin ban ruwa kuma a ajiye shi nesa da bakin rijiyar yashi. In ka ga ruwa mai laka yana tsattsafowa a gindin madatsa, ka janye mutane da dabbobi daga wurin, ka sanar da ma'aikatan gona na yankinku.