Ƙwayoyin teku masu haske da ke tona asirin guba a cikin ruwa

A cikin teku akwai wata ƙwayar bakteriya da masana ke kira Aliivibrio fischeri, wadda ke fitar da haske mai launi tsakanin shuɗi da kore. Ido ba ya ganin ƙwaya guda, amma idan suka taru da yawa sukan yi ƙyalli a cikin duhu.

Hasken yana samuwa ne ta hanyar wani sinadari mai suna lusifares, wanda aikinsa ke haɗe da numfashin ƙwayar. Muddin tana lafiya hasken na nan, da zarar guba ta taɓa ta kuwa sai ya dushe.

A kan wannan ɗabi'a aka gina gwajin Microtox, wanda kamfanin Beckman na Amurka ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1970. Ana adana ƙwayoyin a bushe cikin firiza. Idan za a yi gwaji sai a farfaɗo da su, a haɗa su da ruwan da ake zargi, bayan an ƙara masa gishiri kashi 2 cikin 100, tunda a ruwan gishiri suka saba rayuwa. Ana yin aikin a digiri 15 na ma'aunin Salshiyas. Bayan minti 5, 15 ko 30, na'ura za ta auna hasken, a kwatanta shi da na ƙwayoyin da aka sa a ruwa mai tsabta. Gwargwadon raguwar hasken, gwargwadon ƙarfin gubar.

Saurin shi ne babban amfaninsa, domin gwajin guba da ake yi da kifi yakan ɗauki awa 96. Inda masana'anta ke zubar da gurɓataccen ruwa a kogin da jama'a ke sha ko ban ruwa da shi, kwana huɗu jinkiri ne mai tsada. Hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da hanyar a ƙarƙashin lamba 11348.

Sai dai gwajin ba ya faɗin sunan gubar. Gargaɗi kawai yake yi, sauran aikin na ɗakin binciken sinadarai ne. Ruwa mai launi ko laka yakan rikita awon. Haka kuma ba ya gano ƙwayoyin cuta, har da ta kwalara, duk da cewa dangi ɗaya suka fito da wannan ƙwaya mai haske. Saboda haka ruwan rijiya zai iya tsallake wannan gwaji alhali bai dace a sha shi ba.